Darasin Kimiyya: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Tsotsar Danshi Daidai da Ɗaki

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma tun daga lokacin unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa suka zama matattarar kaya da mutane. Fagge, wadda tun da can zangon fatake ce a bayan ganuwa, ta cika da sito-sito, bayan 'yan shekaru kuma aka yanka Sabon Gari domin baƙin da jirgi ya kawo. A filayen da ke kusa da layin ne aka riƙa jera buhunan gyaɗa a sarari har su zama dala, suna jiran jirgin da zai kai su Ikko. Abin da ya ba da damar haka shi ne iskar Kano ta rani, wadda ruwan da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. Wannan suna na bushewa ya sa mutane da yawa suna ɗaukar danshi a matsayin matsalar mutanen Kudu kawai.

Amma wanda yake kwana a ɗakin ƙasa a Sabon Gari, ko yake da sito a kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa, ya san ba haka abin yake ba. Daga Yuli zuwa Satumba iska takan juyo daga kudu maso yamma ɗauke da tururin Tekun Atlantika, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara a watan Agusta yake sauka. Gidajen waɗannan unguwanni a matse suke, ɗakuna da yawa taga ɗaya gare su, wata tagar ma bangon maƙwabci take kallo. Magudanai kan cika, har a daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Ko ruwa bai shiga ba, akwai ɓarnar da ke tafiya a hankali: katifa ta yi sanyi, takalmin fata ya yi fari-fari, takardu su lanƙwashe, fenti ya kumbura, ɗaki ya ɗauki warin fumfuna. A kan haka wasu suka fara neman na'urar tsotsar danshi, sai tambaya ta taso a bakin shago: ta lita 10 zan ɗauka, ko ta 20, ko ta 30? Amsar wannan tambaya muke nema, kuma sai mun faro daga tushe za mu kai gare ta.

Ruwa yana da siffa uku: ƙanƙara, ruwa mai gudana, da tururi. Farin abin da ke tashi daga tukunya ƙananan ɗigon ruwa ne da ido ke iya gani. Tururin ruwa na ainihi ba shi da launi, ba a ganinsa, kuma yana gauraye da iskar da muke shaƙa a kowane lokaci. Idan aka shanya riga ta bushe, ruwan da ke jikinta ya rabu ne ƙwaya-ƙwaya ya shige cikin iska. Yawan wannan tururi da ke cikin iska shi ake kira danshi. A darasin nan za mu ce danshi idan ruwan yana cikin iska, mu ce laima idan yana jikin bango, daɓe ko kaya.

Iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka, kuma zafi ne ke yanka mata wannan iyaka. Domin a fahimta, mu ɗauki mita kubik ɗaya na iska, wato abin da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. Idan zafinta digiri 10 ne a ma'aunin Salsiyos, ba za ta ɗauki fiye da giram 9 na tururi ba sai da ɗan kaɗan. A digiri 20 tana ɗaukar giram 17. A digiri 30 tana ɗaukar giram 30, a digiri 35 kuwa kusan giram 40. Mai karatu ya lura: ƙarin digiri 10 yana kusan ninka abin da iska za ta ɗauka. A tuna kuma cewa giram 1,000 na ruwa shi ne lita ɗaya.

Daga nan sai ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato gwargwadon danshi. Ana samunsa ne ta kwatanta tururin da iska take ɗauke da shi yanzu da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafi, sai a faɗe shi kashi cikin 100. Misali, iska mai zafin digiri 30 tana ɗauke da giram 15. Iyakarta giram 30 ce, saboda haka gwargwadon danshinta kashi 50 ne. Dare ya yi, wannan iska ta huce zuwa digiri 20. Ba a ƙara mata ko ɗigo ba, amma iyakarta ta sauko zuwa giram 17, don haka giram 15 ɗin nan yanzu ya zama kusan kashi 88. Shi ya sa gwargwadon danshi ya fi yawa da asuba, ya fi ƙaranci tsakanin azahar da la'asar. A Kano, da rana a Fabrairu da Maris gwargwadon danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, har leɓe ya tsage. A safiyar Agusta kuwa yakan haura kashi 80.

Me zai faru idan iska ta ci gaba da hucewa har iyakarta ta yi daidai da abin da take ɗauke da shi? Daga wannan mataki dole rarar tururin ta koma ruwa. Wannan shi ne matakin raɓa. Kowa ya taɓa ganinsa: a fito da kwalbar ruwa daga firji a watan Agusta, nan da nan jikinta ya yi zufa. Ruwan daga iskar ɗaki ya fito, domin iskar da ta taɓa kwalbar ta huce ta wuce matakin raɓarta. Iska mai zafin digiri 28 da danshi kashi 80 tana ɗauke da kimanin giram 22 a kowane mita kubik, kuma matakin raɓarta digiri 24 ne. Tazarar digiri 4 kacal.

Wannan ƙaramar tazara ita ke bayyana abin da ya sa fumfuna ke zaɓen wurare. Bangon bayan kabad, ƙarƙashin katifar da aka shimfiɗa a daɓe, da kusurwar da rana ba ta bugawa sukan fi sauran ɗaki sanyi da digiri ɗaya ko biyu, iska kuma ba ta ratsa su. Idan bangon yana digiri 26, iskar da ke manne da shi danshinta ya kusa kashi 90, ko da tsakiyar ɗaki tana kashi 80. Fumfuna kuwa halitta ce mai rai. Irinta yana yawo a cikin iska kullum, abincinta auduga ce da takarda da fata da katako da ƙura, abin da kawai take jira shi ne ruwa. Idan danshi ya zauna sama da kashi 70 na kwanaki, ta samu. Wannan ya wuce maganar wari da tabo. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, da numfashi mai ƙara, da tsanantar cutar asma. A ɓangaren abinci kuma, wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da dafin afalatoksin mai lalata hanta. An gano shi ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Don haka abin da ake so a ɗaki shi ne danshi ya zauna ƙasa da kashi 60. Kashi 55 shi za mu ɗauka a lissafinmu.

Kafin a yi maganar na'ura, wajibi ne a san ta ina ruwan yake shigowa, domin hanyoyinsa uku ne kuma ɗaya kawai daga cikinsu na'ura take magancewa. Ta farko yoyo: kwanon rufi ya huje, indararo ya toshe, famfo ya fashe a cikin bango. Ta biyu hawan ruwa daga ƙasa. Bulo da siminti cike suke da ƙananan kafofi, kuma ruwa yana iya bin ƙaramar kafa ya hau sama da kansa. Tsoma gindin bulo a cikin ruwa ka dawo bayan awa ɗaya, za ka ga laima ta wuce inda ruwan ya tsaya. Magina kan shimfiɗa leda ko wani shinge a saman harsashi domin tare wannan hawa, amma tsofaffin gidaje da yawa ba su da shi. Alamarsa ita ce laima daga daɓe zuwa abin da bai cika wuce mita 1 ba, da farin gishiri da ke fitowa a fuskar bango yana ɓare fenti. Ta uku ita ce tururin da ke cikin iska, wanda ke shigowa daga waje ko ake samarwa a cikin ɗaki.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe su. A yanki leda mai kauri, kamu ɗaya da rabi kowane gefe, a liƙa ta a bangon da ake zargi, a rufe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan ɗigon ruwa ya taru a ƙarƙashin ledar, ta ɓangaren bango, to ruwan daga cikin gini yake fitowa, kuma magini ake buƙata tukuna. Idan a saman ledar ya taru, ta ɓangaren ɗaki, iska ce ke kawo shi, kuma nan ne na'ura za ta yi amfani. Ina ganin wannan gwaji ya fi duk wata shawara da za a samu a kasuwa, domin yana iya hana mutum kashe kuɗi mai yawa a kan abin da ba zai warkar da ɗakinsa ba. Haka nan ya kamata a mallaki ma'aunin danshi, ƙaramar na'ura mai batir da ke nuna zafi da kashin danshi. Ana iya gwada gaskiyarta a gida: a zuba gishirin girki a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi har kwana guda. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin da ke kewaye da shi a kashi 75. Idan ma'aunin ya nuna 70, ka san kullum sai ka ƙara masa 5.

Yanzu ga yadda na'urar take aiki. Irin wadda aka fi sani tana da kwamfuresa kamar na firji. A cikinta akwai fanka da nadaddun bututu iri biyu, ɗaya mai sanyi ɗaya mai zafi, iskar gas ta musamman tana zagayawa a cikinsu. Fanka tana janyo iskar ɗaki ta bi da ita kan bututu mai sanyi, wanda sanyinsa ya yi ƙasa da matakin raɓa sosai. Tururi ya koma ruwa, ya ɗiga cikin tanki. Iskar da ta rage, mai sanyi kuma busasshiya, sai ta bi ta kan bututu mai zafi ta dawo ɗaki. Abin da ya faru a jikin kwalbar firji ne ake maimaitawa da gangan, ba tsayawa. Wannan dabara ta girmi na'urar sanyaya ɗaki ta gida: a 1902 injiniya Willis Carrier ya tsara na'urarsa ta farko domin wata maɗaba'a a birnin Niyok na Amurka, inda danshi ke sa takarda kumbura har launuka su ƙi hawa daidai. Rage danshi ya nufa, sanyi ya biyo baya.

Akwai abu ɗaya da masu saye kan yi mamakinsa: wannan na'ura tana ƙara wa ɗaki zafi. Dalili kuwa, ruwa yana shan zafi idan zai zama tururi, yana kuma sakin wannan zafin idan zai koma ruwa. Kowace lita da ta ɗiga a tanki ta saki zafin da ya kai kimanin kashi 7 cikin 10 na yunit ɗaya na lantarki, ga kuma wutar da na'urar ta ci, ita ma a cikin ɗaki take zama zafi. Esi kuwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana fitar da zafin waje, shi ma yana tsotse danshi, shi ne ruwan da ke ɗiga daga bututunsa. Wanda yake da esi ya fara gwada maɓallin busarwa, mai alamar ɗigon ruwa, ya duba ma'auninsa kafin ya sayi wani abu.

Sauran nau'o'in ba za su tsayar da mu ba. Akwai mai faifan sinadarin da ke shan tururi, dangin ƙananan ƙwayoyin da ake samu a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi. Ta fi amfani a ƙasashen sanyi, inda ɗaki ke sauka ƙasa da digiri 15, kuma ta fi cin wuta da dumama ɗaki, don haka ba ta dace da daminar Kano ba. Akwai 'yar ƙarama marar kwamfuresa, mai arha, wadda yawanci ba ta tara ko lita ɗaya a yini. Ita da robobin sinadarin da ke narkewa idan ya sha danshi, kabad da akwati suka dace da su.

To, mene ne girman na'ura? Ana nufin yawan litar ruwan da za ta iya cirewa daga iska cikin awa 24. Kada a rikita shi da girman tanki, wanda yawanci lita 2 zuwa 5 ne. Sai dai lambar da aka buga a kwali tana da sharaɗi, galibi an rubuta shi da ƙananan haruffa: digiri 30, danshi kashi 80. A wannan yanayi aka gwada ta, kuma yanayi ne da ruwa ke da sauƙin kamawa. Da zarar danshin ɗaki ya fara sauka, kowace iskar da fanka ta janyo ruwanta ya ragu, sai abin da ke ɗiga ya ragu. Kamfanoni masu gaskiya kan ba da lamba ta biyu, a digiri 27 da kashi 60, kuma takan zama kimanin kashi 60 cikin 100 na ta farko. Ma'ana, na'urar da aka rubuta wa lita 20 za ta ba da wajen lita 12 a yanayin da muke son ɗakinmu ya zauna. Lamba ta biyun ita ce abin dogaro.

Kayan gwanjo daga Amurka lissafinsu daban ne. Da fint suke awo, kuma fint ɗaya ya ɗan gaza rabin lita, don haka fint 50 kusan lita 24 ne. Tun 2019 a digiri 18 da kashi 60 ake gwada su, yanayin da ruwa ke da wuyar kamawa, saboda haka a zafin Kano za su cire fiye da abin da aka rubuta. Matsalarsu wuta ce: an yi su domin bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, namu kuwa bolt 230 ne da bugu 50. Taransfoma tana gyara bolt amma ba ta gyara bugu.

Mun iso zuciyar darasi. Mu ɗauki ɗaki irin na haya, mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi. Ninka su: 4 sau 4 sau 3, mita kubik 48. Ma'auni ya nuna digiri 28 da kashi 80, wato giram 22 a kowane mita kubik. Muna son kashi 55, wanda a digiri 28 giram 15 ne. Bambanci giram 7. Ninka 48 da 7, giram 336. Wannan shi ne dukkan ruwan da za a cire daga iskar ɗakin: sulusin lita, bai cika ledar ruwan sha ɗaya ba.

Idan haka ne, me ya kawo maganar lita 20? Masu yasar rijiya sun san amsar. Abin da ke ba su wahala shi ne ƙarfin idon rijiya. Idan ido yana kawo guga biyu a lokacin da ake fitar da guga ɗaya, ko an wuni ana ja ba za a ga ƙasan rijiyar ba. Girman na'ura ma da ruwan da ke ci gaba da shigowa ake auna shi.

Babban mai kawo shi iskar waje ce. Ko an rufe ƙofa da taga, iska tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta gefen taga, ta tsagar silin. Injiniyoyi kan ƙiyasta wannan da yawan lokutan da iskar ɗaki ke sauyawa gaba ɗaya a cikin awa. Ɗakin da ya rufu da kyau yakan yi rabin sauyi, ɗaki na yau da kullum wajen sauyi ɗaya, wanda tagarsa ba ta rufuwa sosai kuwa biyu ko fiye. Mu ba ɗakinmu sauyi ɗaya. Kowace awa sabuwar iska ta kawo rarar giram 336. Ninka da awa 24, ka sami lita 8 a yini.

Sai abin da ake samarwa a ciki. Mutum a zaune ko a kwance yana fitar da kimanin giram 50 na tururi a awa ta numfashi da fata, fiye da haka idan yana zufa. Mutum uku, awa 10 kowane dare, lita ɗaya da rabi ke nan. Idan ana girki a ɗakin abin ya ƙaru, domin bayan tururin tukunya, wutar kanta tana haifar da ruwa: ƙona kilo 1 na gas yana ba da fiye da lita ɗaya da rabi, ƙona lita 1 ta kananzir yana ba da kusan lita 1. Wankin da aka shanya a ɗaki saboda hadari duk ruwansa cikin iska zai koma, sau da yawa lita 2 ko fiye. Mu ce a ɗakinmu ba a girki ba a shanya, amma bango yana da 'yar laima, mu ware masa lita 2 bisa ƙiyasi. Jimla: 8 da 1.5 da 2, lita 11.5, mu ce 12. Tun da na'ura kashi 60 na lambar kwalinta take bayarwa, sai a raba 12 da 0.6. Amsa 20. Na'urar lita 20 ita ce daidai da wannan ɗaki, idan wuta tana nan dare da rana.

Wannan sharaɗi na ƙarshe babba ne a wurinmu, kuma jadawalin da ke zuwa a cikin kwali, mai cewa na'ura kaza ta isa ɗaki mai faɗi kaza, bai san da shi ba. An tsara shi ne a kan wutar awa 24. Idan awa 12 kake samu, na'urar rabin aikinta za ta yi, don haka ɗakin nan zai nemi ta lita 40. Kafin a kai ga haka, a koma kan lissafi a ga inda za a rage. Toshe ƙarƙashin ƙofa da gyara taga na iya mayar da sauyin iska rabi, lita 8 ta koma 4, jimla ta zama 7.5. A wutar awa 12 wannan na neman ta lita 25. Gyaran da kafinta zai yi a wuni ɗaya ya rage lita 15 daga girman da za a saya. A gwada kuma da akasinsa: idan aka bar ƙofa a buɗe iska na sauyawa sau biyar a awa, lita 40 ce ke shigowa, kuma babu na'urar gida da za ta iya da ita.

A nan dole in yi gargaɗi. Ɗakin da mutane ke kwana yana buƙatar sabuwar iska, kuma ba a taɓa rufe ɗaki ruf alhali akwai gawayi, risho ko gas a kunne, ko janareta a kusa da taga. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa cikin barci. Abin da ya fi dacewa shi ne a kunna na'urar da rana, lokacin da aka fita, ɗaki a rufe. Katifa da bango da tufafi za su bushe, zafin na'urar bai dami kowa ba, da dare kuma a buɗe taga gwargwadon buƙata.

Na'ura mai kwamfuresa ta lita 12 zuwa 20 takan ci wat 200 zuwa 350. Mai wat 300 a awa 12 ta ci yunit 3.6 a mita. Mai ƙaramin janareta ko inbata ya tuna cewa kwamfuresa yana fizgar wuta ninki biyu ko uku, wani lokaci fiye, a daƙiƙar da zai tashi. A nemi wadda ke komawa aiki da kanta idan an dawo da wuta, kuma take jinkirta tada kwamfuresa na 'yan mintuna.

Lissafin sito bai bambanta ba. Sito mai mita 10 da 6 da tsayi 3.5 ya kai mita kubik 210. Idan ya rufu da kyau, rabin sauyi a awa, to 210 sau 7 sau 0.5 sau 24 zai ba da kusan lita 18, a raba da 0.6, ta lita 30 ke nan. Amma kayan da ke ciki su ma ma'ajiyar ruwa ne. Auduga a danshi matsakaici tana riƙe ruwa kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta, wato tan ɗaya na yadin auduga yana ɗauke da wajen lita 80 ko da hannu ya ji shi a bushe, a Agusta kuma ya fi haka. Shi ya sa a kwanakin farko tanki ke cika da sauri amma ma'auni ya ƙi sauka. Kayan ne ke amayar da abin da suka sha. A dogon sito na fi son na'urori biyu matsakaita, ɗaya a kowane ɓangare, a kan babba guda, domin iska ba ta ratsa tarin dila. A ɗora kaya a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango.

Idan an rasa wadda ta yi daidai, a ɗauki ta sama kaɗan. Ƙaramar na'ura za ta wuni tana aiki tana cin wuta ba tare da ta sauko da danshi ƙasa da kashi 70 ba, fumfuna kuma ta ci gaba da girma. Babba tana da ma'auni a jikinta, idan ta kai kashin da aka saita sai ta huta. Illarta tsada, ƙara, da fizgar wuta, don haka ninka girma sau uku ɓarnar kuɗi ce. A saita ta a 55. Saita ta a 35 ba ya ƙara lafiya, wuta kawai zai ci.

Bayan an kawo ta gida a bar ta a tsaye na wasu awanni kafin a kunna, domin man kwamfuresa ya koma mazauninsa. A ajiye ta da tazarar aƙalla kamu ɗaya daga bango, a buɗe kabad, a jingine katifa. Tankin lita 3 zai cika sau huɗu a yinin da aka cire lita 12, kuma duk lokacin da ya cika na'urar tsayawa take, saboda haka a jona mata tiyo zuwa magudana ko babban bokiti. A wanke ragar tace ƙura duk mako biyu. Ruwan da ta tara ya yi gogar daɓe, amma ba a shansa. Bayan mako guda a duba: idan ma'auni yana tsakanin 50 da 60 kuma na'urar tana hutawa lokaci-lokaci, girmanta ya dace. Idan ba ta hutawa kuma danshi bai sauka ba, a sake neman inda iska ko ruwa ke shigowa kafin a yi tunanin sayen babba.

Na'ura ba ta kashe fumfunar da ta riga ta fito, hana ta ƙaruwa kawai take yi. Wadda ke jikin bango sai an wanke ta da ruwa da sabulu, taga a buɗe, hanci da baki a rufe, sannan a bar wurin ya bushe sosai kafin a yi fenti. Katifar da fumfuna ta shige cikin sosonta a rabu da ita. Idan kuma na'ura ɗaya ce ƙarfin gida ya kai, kuma akwai yaro mai asma ko tsoho mai ciwon ƙirji, a sa ta a ɗakin da yake kwana.